Fashin Baƙi Kan Kalmar "Up-and-coming": Mai Tasowa Daban, Mai Tashe Daban

Duk mai bibiyar jaridun Ingila da Amurka, musamman shafukan wasanni da nishaɗi da kasuwanci, ba zai rasa cin karo da kalmar "up-and-coming" ba. Ana jingina ta ga ɗan ƙwallo da mawaƙiya da lauya da ɗan siyasa, har ma da kamfani da unguwa. Ma'anarta a dunƙule ita ce wanda ya kama hanyar ɗaukaka, alamu na nuna zai kai gaci, amma dai bai kai ba tukuna. Da Hausa a ce mai tasowa. To amma wannan dunƙulewar ce ke sa mutane tafka kuskure, domin kalmar tana da sharuɗɗa, tana da wa'adi, kuma tana da wata 'yar'uwa mai kama da ita, wato "upcoming", wadda ta kusa ƙwace mata wuri a Turancin Nijeriya.

Kafin Bature ya kira mutum "up-and-coming" sai abubuwa uku sun haɗu. Na farko, mutumin ya riga ya tsunduma cikin aikin a zahiri. Yaron da ke burin zama likita alhali yana aji biyar na sakandare bai shiga sahu ba. Na biyu, akwai abin nunawa da wasu suka gani suka yaba: ƙwallayen da ya jefa a raga, shari'o'in da ya yi nasara a kansu, waƙar da gidajen rediyo suka fara sakawa, cinikin da ya ninka na bara. Na uku, bai zama gagara-badau ba. Har yanzu akwai manya a gabansa, kuma idan aka ambaci sunansa ga wanda ba ya cikin harkar sai an ƙara da bayanin ko wane ne. Sharaɗi na biyu shi ne ginshiƙi. Kalmar hasashe ce da ake ɗorawa a kan shaida, irin abin nan da ake cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan babu Larabar, wato ba a ga komai ba tukuna sai buri, to wata kalmar ake nema ba wannan ba.

Kalmomi uku aka harhaɗa ta da su. "Up" na nuna sama ko tashi, "and" mahaɗi ne daidai da "da" na Hausa, "coming" kuma tahowa. Wannan "coming" ɗin ba zuwa wuri yake nufi ba. Ma'anar nan ce ta tsohon furucin Ingilishi "the coming man", wato mutumin da ake ganin gobe tasa ce. Masu ƙamus na danganta asalin harɗaɗɗiyar kalmar da Turancin Amurka na ƙarni na 19, inda da fari take nufin mutum mai kuzari da zafin nama, wanda ba ya zaman jiran tsammani. Daga baya ma'anar ta karkata daga halin mutum zuwa inda ya dosa. Har yanzu akwai ɓurɓushin tsohuwar ma'anar: ba a cika kiran malalaci da wannan suna ba, ko da kuwa sa'a ce ke ɗaga shi.

Tsarin kalmomin a ƙulle yake. Ba a juya su a ce "coming-and-up", kamar yadda Bahaushe ba ya juya "shige-da-fice" ko "faɗi-tashi". Ba a kuma sauya ɗaya da makamanciyarta, a ce "high-and-coming" ko "up-and-arriving". Sannan akwai wasu furuce-furuce da suka fara da "up and" waɗanda ba su da alaƙa da ita ko kaɗan: "up and running" ana faɗarsa ga inji ko tsarin da ya fara aiki, "up and about" ga majinyacin da ya miƙe ya fara zirga-zirga.

A nahawu, sifa ce

Wurin zamanta mafi yawa shi ne gaban suna: "an up-and-coming lawyer", lauya mai tasowa, "up-and-coming designers", masu zanen tufafi masu tasowa. A nan karan ɗori guda biyu wajibi ne, ɗaya tsakanin "up" da "and", ɗaya tsakanin "and" da "coming". Aikinsu shi ne su nuna wa mai karatu cewa kalmomin uku sifa ɗaya ce ba jerin kalmomi ba. Kurakurai biyu ake yawan gani a rubutu: a sa karan ɗori ɗaya kacal, ko a manne kalmomin wuri guda babu rata. Duka biyun edita zai ja musu layi. Idan kuwa sifar ta zo bayan aikatau, kamar "the area is up and coming", editoci da yawa na barin ta babu karan ɗori, wasu kuma suna sakawa. Kowanne aka ɗauka ya yi, muddin ba a cakuɗa su cikin rubutu ɗaya ba.

Da yake ta fara da sautin wasali, "an" ake sa mata ba "a" ba, ko da sunan da ke biye ya fara da baƙi. Ana cewa "a singer", amma "an up-and-coming singer". Wannan ƙaramin abu ne da ke kama ɗalibai, saboda idonsu na kan sunan, alhali doka na kallon sautin da ya zo nan take bayan "a" ko "an".

Inda Hausa ke yi wa mai koyo tarko shi ne jam'i. Mu muna sauya "mai" zuwa "masu", muna cewa sabo, sabuwa, sababbi. Sifar Ingilishi ba ta motsi: namiji, mace, tilo, jam'i, duk siga ɗaya. Saboda haka "up-and-comings" ba kalma ba ce. Wanda ke son suna maimakon sifa, akwai "up-and-comer", jam'insa "up-and-comers", wanda aka fi ji a bakin Amurkawa kuma ya fi dacewa da hira da rubutun jarida fiye da takardar hukuma. Haka nan ba aikatau ba ce, don haka ba ta da sigar shuɗaɗɗen lokaci. Ba a cewa "he up-and-came". Lokaci na bayyana ne a kan aikatau ɗin jimlar, "she was up-and-coming", ko a ƙara "then" a gaba, "the then up-and-coming striker", wato ɗan wasan gaban da a wancan lokacin yake tasowa. Wajen kwatanci kuma "more" da "most" ake amfani da su, ba a liƙa mata "er" ko "est" a wutsiya. Amma gaskiya ko "most up-and-coming" ɗin ma nauyi gare shi a baki. Ƙwararren marubuci zai fi son "most promising".

Idan sifofi suka taru a gaban suna ɗaya, ita ke shiga gaba, domin ra'ayin mai magana take ɗauke da shi, kuma Ingilishi na fara jera ra'ayi kafin shekaru, kafin asali. Don haka "an up-and-coming young Nigerian architect" ya zauna daidai, "a Nigerian young up-and-coming architect" kuwa kunnen Bature zai ji ya karkace.

Furucinta ma na da 'yan wurare da ake tuntuɓe. Wasalin "up" da na farkon "coming" iri ɗaya ne, kuma ya fi kusa da gajeren "a" na Hausa fiye da "o". Kusan "ap" da "kamin" ake faɗa, ba "op" da "komin" ba. "And" kuma haɗiye shi ake yi ya koma "an" ko "n" kawai, sai kalmar ta fito kamar "apankamin" a numfashi ɗaya. Harafin "p" shi ne babbar matsalar Bahaushe, tunda a Hausa shi da "f" ba su rabu ba. Sai an rufe leɓɓa ruf sannan a sake su. Idan iska ta ci gaba da fita ta tsakaninsu, abin da mai saurare zai ji shi ne "off", wanda ma'anarsa ta yi hannun riga da abin da ake nufi. Sautin "ng" na ƙarshe kuwa muna da shi a bagas: shi ne wanda muke yi a ƙarshen "nan" da "can". Ba a furta "g" ɗin daban. Idan kalmar ta tsaya ita kaɗai ƙarfin murya na sauka a kan gaɓar "com", idan kuma suna na biye da ita yakan koma kan "up".

Rikicinta da "upcoming"

Nan ne ainihin inda gizo ke saƙa. A Legas da Abuja da Kano, har da Accra, idan matashi ya fara waƙa ko fim za ka ji ana ce masa "upcoming artist". Ya zama ruwan dare har an daina jin wani abu a ciki. Amma a Turancin da jaridu da makarantun Ingila da Amurka ke bi, "upcoming" magana ce ta lokaci: abin da ke tafe nan kusa. "The upcoming election" zaɓe mai zuwa ne, "her upcoming album" kundin waƙoƙin da za ta fitar, "upcoming matches" wasannin da ke gaba. Babu yabo a ciki, babu hasashen ɗaukaka. Jarrabawa ma "upcoming" ce, haka zaman kotu.

Bambancin na fitowa ƙarara idan aka haɗa su a jimla ɗaya: "the upcoming concert features up-and-coming singers", wato bikin waƙar da ke tafe zai ƙunshi mawaƙa masu tasowa. Ta farko ta faɗi yaushe, ta biyu ta faɗi matsayin mutanen. Idan gidan rawa a Landan ya manna takarda ya rubuta "upcoming artists", mai wucewa zai fahimci cewa jerin waɗanda za su hau dandali ne a makonni masu zuwa, kuma cikinsu ana iya samun wanda ya shekara 30 yana waƙa.

Shin "upcoming artist" kuskure ne? A ganina amsar ta danganta da wanda ake yi wa magana. Turancin Nijeriya nau'i ne mai zaman kansa, kuma a watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga cikinsa, har da "Kannywood" da "okada" da "danfo". Tsakanin 'yan gida, kowa ya san abin da ake nufi, kuma harshe ai don fahimta aka yi shi. Ko a Amurka ma ana ganin matasan mawaƙa na rubuta hakan a shafukan sada zumunta. Amma a takardar neman gurbin karatu a waje, ko neman tallafi, ko amsar jarrabawar Ingilishi, ko labarin da za a aika wa kafar yaɗa labarai ta duniya, wanda zai karanta ba ɗan gida ba ne. A can "up-and-coming" ko "emerging" ne ba za su jawo jan biro ba.

Tasowa da tashe

Hausa na da rabe-raben da ya fi na Ingilishi kaifi a wannan fage, kuma mai fassara da ya kiyaye shi ya huta. Mai tasowa yana kan hanya. Mai tashe ya riga ya iso, lokacinsa ne, ludayinsa ke kan dawo, duk inda ka juya shi ake zance. "Up-and-coming" na farkon ne kaɗai. Wanda ya fassara ta da "mai tashe" ko "wanda ake yayi" ko "mai sharafi" ya tsallake da mutumin matakin da bai taka ba. Mai tashe a Ingilishi sai dai a ce "popular", ko "in vogue", ko "at the top of his game". Haka kuma fassara ta da "sabon shiga" ko "ɗan koyo" rage mata daraja ne, domin waɗannan ba su ɗauke da shaidar cewa mutumin ya nuna bajinta. Sabon shiga shi ne "newcomer" ko "novice", kuma cikin sababbin shiga goma wataƙila ɗaya ne zai cancanci a ce yana tasowa.

Rayuwar Victor Osimhen ta ƙwallo ta nuna matakan a jere. A 2015, a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Chile, ya ci ƙwallo 10, Nijeriya ta ɗauki kofin. Daga nan ya cika sharuɗɗan nan uku: yana buga wasa, an ga abin da ya iya, bai zama babba ba. Ya tafi Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ƙwallo ɗaya ba, aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, ya farfaɗo, ya wuce Lille ta Faransa a 2019. Duk tsawon wannan lokaci sifar ta dace da shi, har da lokacin da abubuwa suka tsaya cik, domin kalmar ba ta ce tafiyar babu gargada ba. Amma a 2023, da Napoli, ƙungiyar da ya koma daga Lille, ta lashe gasar Italiya yana kan gaba wajen cin ƙwallaye da guda 26, aka kuma ba shi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, wa'adin kalmar ya ƙare. Wanda ya kira shi "up-and-coming" bayan wannan, ko dai bai san ƙwallo ba ko kuma da gangan yake rage masa tsawo.

Hasashen kuma ba ya zama alkawari. Freddy Adu, wanda aka haifa a Tema ta Ghana ya girma a Amurka, ya fara buga wa D.C. United wasa a 2004 yana ɗan shekara 14, duniya ta ɗauka an sami sabon sarkin ƙwallo. Ya je Benfica a 2007, daga nan ya yi ta yawo ƙungiya zuwa ƙungiya, ƙasa zuwa ƙasa, abin da aka yi tsammani bai tabbata ba. Waɗanda suka kira shi mai tasowa a 2004 ba su yi kuskuren Turanci ba. Kalmar na bayyana yadda abu yake a idon masu kallo a ranar da aka faɗe ta ne kawai. Shi ya sa idan ana ba da labarin baya dole a ɗaure ta da lokaci, a ce "once" ko "then" ko a ambaci shekarar.

Batun shekaru kuma ana yawan fahimtarsa a baibai. Kalmar ba ta nufin yaro. Ma'auninta shi ne yadda ake girma a cikin sana'ar da ake magana a kai. A ƙwallo, kyautar Golden Boy da jaridar Tuttosport ta Italiya ta fara bayarwa a 2003 ta 'yan ƙasa da shekara 21 ce. Messi ya karɓa a 2005, Mbappé a 2017, Lamine Yamal a 2024. Ɗan ƙwallo mai shekara 28 ya wuce a ce yana tasowa. A siyasa kuwa, lokacin da Barack Obama ya yi jawabin da ya fito da shi a babban taron jam'iyyar Democrat a Boston a watan Yulin 2004, shekararsa 42, yana ɗan majalisar dattawan jihar Illinois, kuma a wannan fagen shi ne cikakken misalin mai tasowa. Bayan shekara huɗu aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Likitan fiɗa ko alƙali ko malamin jami'a na iya zama "up-and-coming" yana da furfura.

Masana'antar waƙa ta mayar da wannan matakin abin ba da kyauta. Rukunin Next Rated na kyaututtukan Headies a Nijeriya don masu tasowa aka ware shi: Wizkid ya ci a 2011, Davido a 2012, Rema a 2019. A Birtaniya, Adele ce ta zo ta ɗaya a ƙuri'ar Sound of 2008 ta BBC. Abin lura a nan shi ne mutum ba ya cin irin wannan kyauta sau biyu. Matakin na wucewa ne, ba wurin zama ba.

Maƙwabtanta

Akwai kalmomi da dama da ke kewaye da ita, kuma kowacce da inda ta tsaya. "Aspiring" ita ce ta ƙasa: mai buri, wanda yake so ya zama, ko ya fara ko bai fara ba. "Budding", daga tohon itace, ana faɗarta ga wanda baiwarsa ta fara leƙowa, galibi yaro ko matashi, kuma da 'yar ƙauna a cikin muryar. "Fledgling", daga ɗan tsuntsun da fukafukansa suka fara fitowa, ta fi zama a kan kamfani ko ƙungiya ko gwamnati sabuwa, kuma rauni take nunawa fiye da ƙarfi. "Promising" na kallon baiwar da ke jikin mutum ko da duniya ba ta san shi ba, alhali "up-and-coming" sai an fara jin ɗuriyarsa. "Rising" ita ce mafi kusa da ita, musamman a "rising star", tauraro mai tasowa, sai dai ta ɗan fi ta nisa a kan hanya. "Thriving" da "flourishing" da "booming" kuwa na abin da ya riga ya bunƙasa ne.

"Emerging" na buƙatar a ɗan dakata a kanta, saboda wani ruɗani da ke tasowa daga Hausar kanta. A labaran rediyo mun saba da "ƙasashe masu tasowa". Wanda zai mayar da wannan Ingilishi kada ya ce "up-and-coming countries", domin sunan da aka sani shi ne "developing countries". Ƙasashen da tattalin arzikinsu ya fara jan masu zuba jari kuma, irin su Indiya da Brazil da Indonesiya, ana ce musu "emerging markets", furucin da Antoine van Agtmael na hukumar IFC ta Bankin Duniya ya ƙirƙiro a 1981. Ke nan "mai tasowa" ɗaya ta Hausa na iya komawa kalmomi uku daban a Ingilishi, kuma abin da ake sifantawa ne ke zaɓar wacce. A harkar zane da adabi da fim ma, hukumomin da ke ba da tallafi sun fi rubuta "emerging artist" ko "emerging writer", jami'o'i kuma "early-career researcher", saboda sun fi kama da harshen ofis.

Akwai kuma masu ɗauke da reni, waɗanda ya kamata a san su don a kauce musu. "Upstart" shi ne wanda ya taso jiya-jiya yana ɗaga wa manya hanci. "Wannabe" shi ne mai kwaikwayon abin da bai kai ba. Duka biyun zagi ne, ko da yake sun yi kama da kalmarmu a ido.

Idan aka faɗe ta a kan unguwa

A bakin dillalan gidaje na Landan da New York kalmar ta sami wata rayuwa ta daban. "An up-and-coming area" a zahiri unguwa ce da darajarta ke hawa: an kawo layin jirgin ƙasa, an buɗe shagunan shan kofi, matasa masu albashi sun fara tarewa. Haka aka yi ta faɗa a kan Hackney da Peckham a Landan, da Williamsburg a Brooklyn. Galibi akwai dalilin da ake iya taɓawa. A Williamsburg, sauya dokar amfani da filayen bakin ruwa a 2005 ya ba da damar gina dogayen gidajen zama a inda masana'antu suke. A gabashin Landan, layin jirgin ƙasa na Overground da aka buɗe ta Shoreditch da Dalston a 2010, da gasar Olympics ta 2012 a Stratford, sun ɗaga farashin gidaje.

Amma mai neman haya a can ya san karatun kalmar ta ɗaya fuskar. Idan dillali ya ce unguwa "up-and-coming" ce, sau da yawa abin da bai faɗa ba shi ne a yanzu ba ta da kyau: ƙila akwai matsalar tsaro, ko gine-gine sun tsufa, ko tasha na da nisa. Yana sayar maka da gobe ne a farashin da ya ɗara na yau. Duk wanda dillalin fili ya taɓa kai shi bayan gari ya nuna masa awon igiya ya ce "Alhaji, ai gari nan yake tahowa", ya san wannan salon. Su kuma tsofaffin mazauna unguwar, kalmar ba albishir ba ce a wurinsu, don tana nufin kuɗin haya zai fi ƙarfinsu su tashi. Wannan sauyin ne masaniyar zamantakewa Ruth Glass ta raɗa wa suna "gentrification" a 1964, tana bayanin abin da ta gani a Landan. Don haka mai fassara labari irin wannan ya duba ko marubucin da gaske yake ko da gatse, musamman idan ya sa kalmar cikin alamar zance.

Wa ke faɗa, ga wa

Kalmar ta fi daɗi a bakin wani. Ɗan jarida, ko koci, ko shugaba a wurin aiki, shi ke cewa wane yana tasowa. Mutum ya rubuta "I am an up-and-coming entrepreneur" a takardar neman aiki ba karya dokar nahawu ba ne, amma yabon kai ne, kuma mai tantancewa zai nemi shaidar. Ya fi a zuba shaidar kai tsaye: shekarar da aka fara, yawan ma'aikata, abin da aka sayar. Idan dole sai an sa sifa, "early-career" ko "emerging" sun fi kamun kai.

Sannan a kula da wanda ake jingina wa. Yabo ce ga wanda ya shekara biyu ko uku a fage, amma ga wanda ya shekara 15 yana abu ɗaya tana iya zama cin fuska, don tana nuna har yanzu bai iso ba. Wajen gabatar da baƙo a taro, idan ana shakkar matsayinsa, a faɗi ayyukansa a bar sifar. Tsohon hannu "veteran" ne ko "seasoned", wanda ya kafu kuma "established".

Wani furuci da ke kusa da ita yana raba Ingila da Amurka gida biyu. "On the up and up" a Birtaniya na nufin abu na ci gaba yana ƙara kyau, kasuwa na hawa. A Amurka kuwa ma'anarsa gaskiya da riƙon amana, babu maguɗi a ciki. Idan ɗan kasuwar Manchester ya ce kamfaninsa "is on the up and up", riba yake nufi; idan na Chicago ya faɗa, cewa yake ba ya cin haram. Mai fassara sai ya fara sanin daga ina rubutun ya fito. Wanda kuma yake rubutu don masu karatu na ƙasashe daban-daban, "on the rise" ya fi masa, domin ma'anarsa ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

A fassara zuwa Hausa, "mai tasowa" da "masu tasowa" sun wadatar a mafi yawan wurare idan mutum ake nufi. Inda ake son a fito da hasashen fili, ana iya cewa "wanda tauraruwarsa ta fara haskawa" ko "wanda ake kyautata zaton zai yi fice", a kula da "fara" ɗin, don idan ta faɗi an koma mai tashe. Ga kamfani, "kamfani mai tasowa" ko "wanda ya fara bunƙasa". Ga unguwa kuwa "mai tasowa" na iya sa mai saurare ya zaci sabuwar unguwa ce da ake kan ginawa, alhali Hackney da Peckham tsofaffin unguwanni ne da suka daɗe da cika. A nan gara a ce "unguwar da darajarta ke hawa" ko "unguwar da masu hali suka fara komawa".